Sha Uku Cikin Arba'in

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da kuwa na so in manta, don Malam Habu yana raye kuma yana da baki. Shekara biyu ke nan, amma har yau in muka haɗu a wajen ɗaurin aure sai ya kalle ni ya yi wani ɗan murmushi. Gara in ba ku labarin da kaina, don in daga bakinsa kuka ji, sai ya ƙara masa gishiri.

Ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare a Gumel, a lokacin shekarata goma sha shida ina riƙe da alli. A garin nan an san ni. Wanda zai rubuta takardar neman aiki, wajena zai zo. Wanda aka aiko wa takarda daga ma'aikata ya kasa gane kanta, wajena zai zo. Har laƙabi ɗalibai suka sa mini, wai Malam Ƙamus (na yi ta nuna kamar ba na so, amma duk ranar da wani ya kira ni da sunana na yanka sai in ji kamar an rage mini wani abu). Na taɓa tsayar da mai adaidaita-sahu a tsakiyar titi, na sauka, don kawai in nuna wa wani tela kuskuren harafi ɗaya a allon shagonsa. Na faɗi wannan ne don ku san tsawon inda na faɗo.

To, sai ga wata dama ta fito, ta tafiya karatun digiri na biyu a ƙasar waje, ga malaman makaranta da ma'aikatan lafiya. Ina so ƙwarai, kuma akwai iyakar shekaru, wannan ce shekarata ta ƙarshe da zan iya nema. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya a gaba: sai mutum ya ci wata jarrabawar ƙwarewa a Turanci, wadda ake zuwa birni a zauna. Da na karanta sai na yi dariya. Ni za a gwada a Turanci? Ai kamar a ce wa mahauci ya zo a koya masa riƙon wuƙa ne.

Malam Habu shi ma yana nema. Ma'aikacin lafiya ne a Gagarawa, tare muka yi makarantar kwana, kuma tun a lokacin ba ya barin magana ta wuce shi. Shi ya gaya mini cewa an buɗe wani aji na share fagen jarrabawar, kowace Asabar da safe, a wani ɗakin taro da ke bayan tasha. Na ce Allah Ya ba da sa'a, ni ba na bukata. Ya ce in dai zo in raka shi. Na je ne da niyyar in taimaka wa mai koyarwar, ko waye shi, in ya kakare.

Ina shiga na ga mai koyarwar. Asma'u ce, 'yar garin Sule Tankarkar, wadda na koyar shekaru da yawa da suka wuce, lokacin ina makarantar 'yan mata. Na tuna ta sarai, yarinya mai shiru a layin baya, wadda na taɓa rubuta wa da jan biro a ƙasan insha'inta cewa ta daina fassara Hausa tana kiranta Turanci. Ashe ta yi karatu har ta zauna wannan jarrabawar ta ci da maki mai yawa, yanzu kowa Malama yake ce mata. Tana ganina ta taso ta rusuna ta gaishe ni, ta gaya wa ajin cewa ga wanda ya koya mata. Mutum wajen ashirin suka juyo suna kallona da girmamawa. Na zauna a kujerar gaba, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

A ranar tana kan ɓangaren karatu ne, inda za a ba ka rubutu uku masu tsawo, da tambayoyi arba'in, a ce ka gama cikin awa ɗaya. Ta fara zayyana dabaru. Ta ce kada mutum ya zauna yana karanta rubutun kalma bayan kalma, ya bi shi da ido da sauri tukuna, ya ga me kowane sakin layi yake magana a kai. Sannan ya koma kan tambayoyin, ya ja layi a ƙarƙashin muhimman kalmomi, sunan wuri ko shekara ko sunan abu, ya je ya farauto su a cikin rubutun. Ta ce galibi tambayoyin suna bin rubutun a jere ne, kuma da wuya ka ga kalmar da ke cikin tambaya ita ce a cikin rubutun, 'yar'uwarta za ka gani. Ta ce kowane rubutu minti ashirin ne rabonsa, in lokacinsa ya cika ka bar shi ko da kuna tsakiyar hira. In ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba, ka yi mata sallama ka wuce.

Raina ya soma ɓaci tun daga nan. Shekara goma sha shida ina gaya wa yara su karanta a natse, sau biyu, kafin su kalli tambaya, ga wata tana cewa a yi tsalle-tsalle a kan rubutu kamar ana tsallake kwata. Na ɗaga hannu na ce wannan ba karatu ba ne, wayo ne. Ta ce gaskiya ne Malam, amma jarrabawar ma da agogo take zuwa. Na bar ta.

Inda na kasa haƙuri shi ne da ta zo kan wasu tambayoyi masu amsa uku: ko maganar gaskiya ce, ko ƙarya ce, ko kuma ba a faɗa ba. Ta nanata, har tana buga allo da bayan alli, cewa abin da ke cikin takardar kawai ake tambaya. Abin da ka sani daga gida, ka bar shi a bakin ƙofa tare da takalminka. In rubutun bai faɗa ba, to bai faɗa ba, ko da duk duniya ta san haka ne. Na ce mata wannan koya wa mutane rufe ƙwaƙwalwa ne. Na yi jawabi na kusan minti goma a kan bambancin mai ilimi da aku (har da wasu manyan kalmomi da na daɗe ina neman inda zan sauke su). Ajin ya yi tsit. Na ɗauka burge su na yi. Daga baya Habu ya ce mini jira suke in gama.

A cikin ajin akwai wani mutum da ya fi ba ni tausayi, Yusufa, malamin makaranta daga tsallaken iyaka, wanda yake shigowa ta Maigatari a kan babur kowace Asabar. Da Faransanci ya yi lakwal, kamar yadda suke kiran makaranta, Turancin kuwa da kansa ya koya. In ya buɗe baki zai yi magana sai ka ji kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Duk abin da Asma'u ta faɗa sai ya rubuta, ga shi da fensir uku da agogon hannu da yake cirewa ya ajiye a gabansa. Bayan an tashi na dafa kafaɗarsa na ce kada ya damu, in yana da tambaya ya same ni. Ya yi godiya sosai. Wannan dafa kafaɗar tana cikin abubuwan da nake tunawa in rufe fuska.

Asabar ta uku Asma'u ta ce za a yi gwaji, irin na gaske, da agogo da komai. Ta matso kusa da ni ta ce a hankali, in ina so in zauna in taya ta sa ido kawai. Wallahi hanya ta ba ni, ban gani ba. Na miƙe na ce a ba ni takarda kamar kowa, kuma da irin karatun da na sani zan yi, ba da dabarun tsalle ba. Ban tsaya nan ba. Na ce in an gama a duba tawa a gaban kowa, amsa bayan amsa, don 'yan aji su ga yadda ake yi. Babu wanda ya tambaye ni. Ni na kawo shawarar, da bakina, cikin ƙoshin lafiya.

Aka raba takardu. Ana zafin bazara, babu wuta, fankar sama tana tsaye tana kallonmu. Ina buɗe shafin farko na ji daɗi ya rufe ni, domin rubutun a kan cinikin dabbobi ne a ƙasashenmu na bakin hamada. Ni kuwa haifaffen Maigatari ne, mahaifina dillalin shanu ne, a kara, kasuwar dabbobi, na girma, kowace Alhamis ina bayansa riƙe da igiya. Na ce yau an kawo mini tuwo har gida.

Na fara karantawa a natse, yadda nake koyarwa. A sakin layi na uku marubucin ya ce wai dillalai ba abin da suke ƙara wa ciniki sai tsawo da tsada. Na ajiye fensir. Wane ne wannan? Ya taɓa tsayawa tsakanin Bafillacen da ya ƙi sallama sansa da bafataken da motarsa ke shirin tashi? Ya san wanda yake tsaya wa baƙo in an ce saniyar ta sata ce? Na ɗauki fensir na rubuta masa amsa a gefen takardar, layi shida, da Turanci mai kyau. Na ci gaba, na sake samun wani wurin da ya yi kuskure a kan yadda ake gane shekarun sa, nan ma na gyara masa. Sannan na koma farko na sake karantawa, karo na biyu, don ka'ida ce.

Tambayoyin kuwa ko komawa cikin rubutun ban yi ba, don me zan koma? An ce farashin raguna yana tashi gab da babbar salla, na ce gaskiya ne. An ce dillalai suna sauƙaƙa ciniki, na ce gaskiya ne, har na danna fensir. Ina cikin wannan nishaɗi na ji Asma'u ta ce saura minti ashirin da biyar.

Na ɗaga kai na kalli agogon bango, na ɗauka wasa take. Minti talatin da biyar na ƙone a kan rubutu ɗaya, rabinsu ina faɗa da mutumin da bai san ina yi ba. Na juya shafi da sauri. Rubutu na biyu a kan ƙanƙarar da ke kan wasu duwatsu ne a can ƙarshen duniya, ni da ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta cikin kular mai zoɓo ba. A layi na huɗu na ci karo da wata kalma da ban taɓa gani ba. Ni, Malam Ƙamus. Maimakon in wuce, sai na tsaya ina juya ta, ina neman tushenta, ina jin haushin ta raina ni. Gumi ya fara ɗiga a kan takardar. Na saci kallon Yusufa, na ga har ya kai rubutu na uku, yana ta jan layi yana duba agogonsa, hankalinsa kwance kamar mai tsinar wake.

Tambayoyin wannan ɓangaren na cike gurbi ne. A samansu akwai wani umarni da manyan baƙaƙe, amma wanda ya shekara goma sha shida yana rubuta wa wasu umarni ba ya tsayawa karanta na wani. Na amsa su da cikakkun jimloli, da babban harafi a farko da aya a ƙarshe, yadda duk ɗalibin kirki yake yi. Rubutu na uku kuwa, har yau ban san a kan me yake ba. Ina jin ƙudan zuma ne, ko jiragen ƙasa. Da ta ce saura minti biyu na bi layin na cike da abin da hannuna ya ga dama.

Aka karɓi takardu, aka musanya, kowa zai duba ta wani. Asma'u ta ɗauki tawa ta riƙe. Na ga idonta ya bi shafin farko, ya sauka kan rubutun da na yi a gefe, ya wuce shafi na biyu. Ta ninke ta a hankali, ta zo har inda nake, ta rage murya.

"Malam, ko za mu bar taka sai an watse? Lokaci ya ja, mutanen nesa za su so su kama hanya."

Har a lokacin ina ganin na yi abin kirki a rubutu biyun farko. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce alkawari alkawari ne, a karanta. Habu ya miƙe tsam ya ce shi zai taya Malama karantowa, don muryarsa ta fi kaiwa baya. Ta miƙa masa ba da son ranta ba.

Ta farko na ci, ta biyu na ci, na gyara zaman hulata. Aka zo kan ragunan salla. Habu ya karanta amsata, gaskiya ne. Asma'u ta dubi takardar amsoshi ta ce, ba a faɗa ba.

Na ce, "Ba a faɗa ba kamar yaya? Sai an faɗa? Akwai wanda bai taɓa sayen ragon layya ba a ɗakin nan?"

Ta ce, "Haka ne Malam. Amma a nuna mini layin da ya ambaci salla."

Na karɓi takardar tambayoyin na bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, mutum ashirin suna jirana. Babu salla, babu rago ma, mutumin a kan shanu da raƙuma ya yi maganarsa. Na ce to ai kuskuren marubucin ne da bai faɗa ba. Wani a baya ya yi tari irin wanda ba tari ba.

Aka zo kan dillalai. Ashe tambayar cewa ta yi, a ganin marubucin. Kalmomi uku ne a farkon jimlar, idona ya tsallake su. Amsar ita ce ƙarya ne, tun da shi marubucin bai yarda da dillalai ba. Nan ne Habu ya ce ai Malam bai bar shi haka ba, ya ba shi amsa, ya juya takardar a kaikaice ya karanto layi shidan nan da na rubuta a gefe, da irin muryata, har da yadda nake jan kalmar ƙarshe. Ajin ya yi ƙoƙarin danne dariya, ban ce bai yi ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta cusa bakin mayafinta a baki. Amma da ya kai inda na rubuta cewa marubucin ya zo Maigatari ranar Alhamis in yana da ƙarfin hali, sai ɗakin ya fashe gaba ɗaya.

Na cike gurbi su suka fi ƙona mini rai, domin na gano amsoshin, wallahi na gano su. Sai dai umarnin da ban karanta ba cewa ya yi kada amsa ta wuce kalma biyu. Inda ake son kalma ɗaya na ba su goma sha ɗaya. Guda bakwai a jere, Habu yana karanto kyakkyawar jimla, Asma'u tana cewa a hankali ta wuce ƙa'ida. Na ce to ai ma'anar tana ciki. Ta ce tana ciki Malam, amma mai dubawa ba zai shiga ya nemo ta ba.

Aka tara. Sha uku cikin arba'in, kuma uku daga ciki na rubutun da ban karanta ba ne, wato hannuna da ka ya fi ni da ilimina sa'a. Habu ya sami ashirin da huɗu. Da aka tambayi wanda ya fi kowa, sai Yusufa ya ɗaga fensir a kunyace, talatin da ɗaya. Aka tambaye shi yadda ya yi da tambayar raguna, ya ce shi dai ya nemi kalmar salla ko wata mai kama da ita, bai gani ba, ya wuce. Shi ma a cikin dabbobi ya girma, ya san farashin rago sarai. Bai dai ga an tambaye shi ba.

Da aka tashi na tsaya ina ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya, don kowa ya fita. Yusufa ya dawo ya same ni. Ya ce, da zuciya ɗaya, ba da gatse ba, in ina so zai ba ni aron littafin da yake rubuta dabarun Malama. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na karɓa.

Kafin Litinin labari ya riga ni zuwa makaranta (ban ce Habu ne ba, amma Gagarawa ba ta da nisa kuma waya tana aiki). Na shiga ɗakin malamai, malamin lissafi ya tambaye ni ko an faɗa cewa yau Litinin ce ko ba a faɗa ba. Na yi sati guda ina jin haushin kowa: marubucin, da masu shirya jarrabawar, da fankar da ba ta juya ba. Na ce ba zan koma ajin ba. Amma wa'adin neman gurbin yana matsowa, kuma na san in na shiga ɗakin jarrabawa na gaske da wannan taurin kan, abin da zan kwaso ke nan.

Asabar ta gaba na koma, na zauna a layi na uku, na cire agogona na ajiye a gabana. Asma'u ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, kuma ba ta daina rusunawa in za ta gaishe ni ba, wanda ya fi komai sa ni jin nauyi. Na koyi jan layi. Na koyi barin kalma ta wuce ni ba tare da na bi ta da gudu ba. Mafi wuya shi ne rubuta ba a faɗa ba a gaban maganar da na san gaskiya ce. Har yau in na yi sai in ji kamar na yi shaidar zur. Bayan wata biyu muka je birni muka zauna ta gasken. Na ci, da ƙyar, daidai makin da ake nema ba ƙari. Gurbin karatun kuwa Yusufa bai cancanta ba don ba ɗan ƙasa ba ne, wani wurin ya nema ya samu, ni da Habu kuma aka sa mu a jerin masu jira, inda muke har yanzu.

Abin da na koya bai da yawa. Mai jarrabawa ba ya son sanin abin da ka sani, yana son ya ga ko za ka iya yin shiru ka ji abin da wani ya ce, kuma ashe wannan ne darasin da ban taɓa zama na ɗauka ba. Sai na biyu, wanda ya fi amfani a rayuwar yau da kullum: duk ranar da wadda ke riƙe da takardarka ta rage murya ta ce a bari sai an watse, ɗan'uwa, ka bari a watse.